Doki Nawa Ke Cikin Injin Jirgin Ruwa?

'Yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana, wata kunya ce da na sha a gaban yara. Bara, sa'ad da aka rarraba mu gwajin koyarwa, ni aka tura ni wata makaranta a bakin Kwara, kudu da Lakwaja, inda ba a zuwa kasuwa sai ta ruwa. Ran nan ina koyar da lissafi a aji shida, sai wani yaro, ɗan masunci, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, injin da aka rubuta wa 85 da wanda aka rubuta wa 75, wanne ya fi gudu?" Ni kuwa ban ko numfasa ba na ce, "Mai 85 mana, ai goma ce tsakaninsu." Aji ya tuntsire da dariya. Ashe kowa a garin ya sani akwai jirage biyu masu kai mutane kasuwa, kuma kullum mai 75 ne ke fara isa, har ya sauke kaya kafin ɗayan ya ɗaure. Tun daga ran nan na shiga tone littattafai da tambayar makanikai. Ga abin da na samo, don kada ɗayanku ya faɗa ramin da na faɗa.

Lambar nan da a ke rubutawa a murfin inji, ita a ke kira ƙarfin doki. Wani mutumin Sikotilan, James Watt, shi ya kafa wannan ma'auni wajen 1783. Yana ƙera injuna masu aiki da tururi, masu saye kuwa doki suka sani, don haka ya auna musu injinsa da doki. Ya ce ƙarfin doki ɗaya shi ne ƙarfin da zai ɗaga laba 33,000 sama ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya. Ku lura, abu uku ya haɗa: nauyi, da nisa, da lokaci. Da ma'aunin wutar lantarki, doki ɗaya wat 746 ne.

To, tun a nan ma an fara rabuwa, gama doki iri biyu ne. Mutanen Ingila da Amurka suna bin na Watt, amma a Jamus da Japan da waɗansu ƙasashe akwai wani doki ɗan ƙarami, mai wat 735 da rabi. Ku ɗauki injin Suzuki DF350A, wanda ya fito a 2017. Takardarsa ta ce kilowat 257.4. In kun raba da ƙaramin dokin, 350 za ku samu daidai. In kuka raba da na Watt, sai ya koma 345. Dawaki biyar sun ɓace a kan allo, ba wanda ya taɓa injin.

Babbar tambaya kuwa ita ce, a ina aka auna? Injin da a ke ratayawa bayan jirgi, kansa yana sama, farfelarsa tana cikin ruwa. Ƙarfin yana tasowa daga karanshaf, ya gangara ta wani dogon ƙarfe, ya juya famfon ruwan da ke sanyaya inji, ya bi ta giya, sa'an nan ya kai ga farfela. Kowace gaɓa tana cin rabonta, kamar hatsin da aka aiko ta hannun 'yan aike da yawa. A da, masu ƙera injuna a Amurka a sama su ke aunawa, wurin karanshaf, inda lambar ta fi kauri. A 1983 ƙungiyar masu sana'ar jiragen ruwa ta duniya, watau ICOMIA, ta fid da ƙa'idar auna ƙarfi, cikin 'yan shekaru kuwa aka koma aunawa wurin sandar farfela. Saboda haka tsohon inji na kafin wannan lokaci da sabo, ko da lambarsu ɗaya ce, sabon ya fi kai ƙarfi cikin ruwa.

Ƙa'idar nan tana da wata ƙofa da ta ba ni mamaki ƙwarai. Ta yarda ƙarfin inji ya haura abin da aka rubuta, ko ya kasa, da kashi 10 cikin 100. Watau injin da aka ce 200 ne, yana iya zama 180, yana iya zama 220, duka biyu kuwa ba wanda ya karya doka. Dawaki 40 ke nan tsakanin injuna biyu masu suna ɗaya! Shi ya sa masu tseren jirage da masu gasar kamun kifi a Amurka su ke ta gardama a kan injuna irin su Mercury Pro XS da Yamaha V MAX SHO, kowa na cewa nasa ya fi kusa da bakin sama na wannan iyaka. Ni dai a ganina gardamar baka ba ta raba wannan. Abin da ke raba ta shi ne na'urar awo, wadda a ke kira dainamomita. Asalinta birki ne kurum. Wani Bafaranshe, Prony, ya ƙago irinta a 1821: a matse sandar da inji ke juyawa, a auna ƙarfin murɗawarta da sikeli, a kuma ƙidaya juyi nawa ta ke yi a minti ɗaya. Sai a ninka ƙarfin murɗawa, da awon laba da ƙafa, sau yawan juyi, a raba da 5,252. Abin da ya fito shi ne ƙarfin doki na gaskiya. Ku riƙe wannan lissafi, za mu komo kansa.

Yanzu bari mu dubi manyan. Injin da Ole Evinrude ya ƙera a Milwaukee a 1909 doki ɗaya da rabi ne kacal. (Sunan nan ya daɗe a ruwa, sai a 2020 aka daina ƙera injunan Evinrude.) A 2018 Yamaha ta fito da XTO mai doki 425, silinda 8, lita 5.6, a 2023 ta ƙara mai 450. A 2019 Mercury ta fito da 450R, shi ma silinda 8, amma lita 4.6 kaɗai. Yaya ƙaramin ciki ya kamo babba? An sa masa wani famfo mai tura iska cikin silinda da ƙarfi, kamar yadda zugazugi ke hura wutar maƙeri. Iska ta ƙaru, fetur ya ƙaru, wuta ta ƙaru. Ga shi kuwa wannan ciki mai lita 4.6, in ba famfon, shi a ke sayarwa da sunan 250 da 300. Haka kuma injin Yamaha mai silinda 6, lita 4.2, ana samunsa a 225, da 250, da 300. Jiki ɗaya ne, yawancin bambancin yana wurin yadda aka saita kwamfutar da ke ba shi fetur da iska.

A 2021 Mercury ta fito da Verado mai doki 600, silinda 12, lita 7.6. Wanda ya ji 600 sai ya ce an gama magana, irin amsar da na ba yaron nan. Amma ku ɗora su a sikeli. Mai 600 nauyinsa laba 1,260, watau kowane doki yana ɗauke da laba 2 da 'yan kai na jikin injin. Mai 450R laba 689 ne, kowane doki laba ɗaya da rabi. Na farkon don tura babban jirgi mai nauyi aka yi shi, na biyun don sakayau ɗin jirgin tsere. In ka rataya laba 1,260 bayan ƙaramin jirgi, sai gindinsa ya nutse, hancinsa ya dubi sama.

Har wa yau, gudu ba ya bin ƙarfi ƙafa da ƙafa. Ga jirgin da ke tashi ya yi sulu bisa ruwa, in kana so ka ninka gudunsa sau biyu, sai ka ninka ƙarfin kamar sau huɗu. Dawaki 40 ɗin nan da ke tsakanin 180 da 220, in mai 180 yana yin mil 40 a sa'a, mai 220 bai fi ya yi 44 ba. Fasinjoji uku da buhunan garin rogo sun isa su cinye wannan riba.

Akwai kuma iska. Awon da a ke bugawa a takarda, an daidaita shi ne a kan iska mai zafin digiri 25, marar laima da yawa, a daidai bisan teku. Iska mai zafi ba ta da kauri, mai laima kuma tururin ruwa ya tare wurin da inji zai shaƙa. Duk wanda ya san zafin bakin Kwara a watan Maris ya san injinmu ba ya samun iskar takarda. Tudu ma haka: kowace ƙafa 1,000 da aka hau, injin da ba shi da famfon iska yana rasa kamar kashi 3 cikin 100.

To, jiragen garin nan fa? Wata Asabar na sami wani dattijon makanike a tashar jirgi, na gaishe shi, na ce, "Baba, ina so a cire mini wata ƙaya." Ya saurare ni, ya yi murmushi, ya ce, "Malam, ku masu boko murfi ku ke karantawa, mu kuwa kuka mu ke ji." Da yardar mai jirgin ya ɗaura ma'aunin juyi a kan mai 85, muka fita da kaya kamar na ran kasuwa, aka buɗe totur duka. Littafin injin ya ce ya kamata ya yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti. Allura ta tsaya a 4,200. Ashe tun da farfelar asali ta karye a kan dutse, sai aka sa masa wata ta babban inji, wadda ke kamfatar ruwa fiye da yadda zai iya juyawa. Kamar mai keke ne da ya sa babbar giya yana hawan tudu.

Da dare na zauna gaban fitila na yi lissafin. Injin da ke ba da doki 85 a juyi 5,000, ƙarfin murɗawarsa kamar 89 ne. Ninka 89 sau 4,200, raba da 5,252, sai ga 71. Ƙarfin murɗawa yakan ɗan sauya in juyi ya sauka, saboda haka kada ku rantse a kan lambar, amma ta nuna inda ciwon ya ke. Mai 85 bai kai ko 75 ba, ga jirginsa na katako da ya sha ruwa shekara da shekaru. Abin kuwa ya wuce wasan tsere, gama a watan Satumba, in Kwara ta cika tana tafe da ƙarfi, jirgi cike da mata da yara yana bukatar kowane doki da aka yi masa alkawari.

Ran Litinin na rubuta lissafin a allo, na kira yaron nan ya zo ya raba da 5,252 da hannunsa. Ya ɗauki lokaci, ya goge sau biyu, ya sami 71. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam, to in an sauya farfelar, wanne zai fi gudu?" Na ce ya tambayi nauyin jiragen biyu tukuna, ya kawo mini ran Laraba.