Imel Ya Tsaya Bayan Sauya Sabar

Wani mai shagon kwamfuta daga Mashi, jihar Katsina, ya ce ya mayar da shafinsa na intanet kan sabuwar sabar, shafi na buɗewa, amma imel ya tsaya cak. Me ya jawo?

To Malam, mun gode. Akwai saitin da ake kira MX, shi ke nuna wa saƙo inda zai sauka. Muddin MX na nuna tsohuwar sabar, can saƙonninka ke taruwa. Ka fara buɗe akwatunan imel a sabuwar sabar da sunayensu na da, ka kwaso tsofaffin saƙonni, sannan a gyara MX ɗin. Gyaran kan ɗauki har kwana 2 kafin ya kama ko'ina, saboda haka kada ka rufe tsohuwar tukuna. Saitin imel na wayarka ma sai an sabunta shi.