Likita Ya Ce Za a Fito da Hanji ta Ciki: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙu uku ne a gabana yau, duk a kan aikin da ake fito da bakin hanji ta fatar ciki, bayan gida ya riƙa zuba cikin jaka.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Tsafe. Ta ce: "An gano ciwon dajin hanji ga maigidana, likita a Gusau ya sa ranar aiki. Tun ran nan ya daina cin abinci. Mi za mu yi kafin ranar?"

To 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ku koma wurin likitan ku biyu, kada ya tafi shi kaɗai. Tambayar farko: ƙofar nan ta ɗan lokaci ce ko ta dindindin? Da yawa akan mayar da hanjin bayan wasu watanni. Ta biyu: babban hanji za a fito da shi ko ƙarami? Na ƙaramin ya fi ruwa-ruwa, kulawarsa ma daban. Ta uku, ku roƙa a shata wurin da alƙalami tun kafin a shiga tiyata, a duba shi yana tsaye, yana zaune, yana sunkuye kamar mai ruku'u. Ana so wurin ya kauce wa cibiya, da tabo, da inda mazagin wando ke zama, domin jakar da aka manna kan lanƙwasar fata ba ta daina yoyo.

Ku nemi a nuna muku jakar, ku taɓa ta, ku koyi manna ta. Wata ma'aikaciyar jinya ce a ƙasar Denmak, Elise Sorensen, ta ƙirƙiro irin mai mannewa a 1954, saboda 'yar'uwarta da ta daina fita bayan aikin. A nan jakar tana da tsada, kuma ba kowane kemis ke da ita ba, don haka ku san inda za ku riƙa saye tun yanzu.

Bakin hanjin ja ne mai damshi kamar cikin kumatu, kuma taɓa shi ba ya zafi. Yakan kumbura da fari, ya saɓe cikin mako 6 zuwa 8. Idan ya yi baƙi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko bayan gida ya ɗauke ga amai da murɗar ciki, kada ku kwana gida. Ƙin cin abincin nan kuwa, ki faɗa wa likita, domin jikin da ya rame ba ya saurin warkewa. Ki bar shi ya faɗi abin da ke ransa, ko da maganar shimfiɗa ce. Aure na nan daram bayan an warke.

Sai wani dattijo manomi daga Bungudu, ya ce: "Yaya sallata? Zan iya shiga sahu da najasa a jikina?"

Baba, addini bai ƙuntata maka ba. Malamai sun sa mai wannan jaka cikin masu lalura, irin hukuncin mai yoyon fitsari. Ka zubar da abin da ke ciki, ka yi alwala, ka tafi masallaci, sannan ka zauna da limaminku ya warware maka sauran. Jakar da ta mannu sosai ba ta wari, babbar riga kuma ta rufe ta. Wake, albasa da ƙwai sukan ƙara iska, sai ka rage su ranar Juma'a. Gona kuwa za ka koma, amma ɗaukar buhu da huɗa su jira izinin likita, kada ƙaba ta fito a gefen wurin.

Ta ƙarshe wata uwa ce a Gusau. Taifot ya huda hanjin ɗanta, an fito da ƙaramin hanji, maƙwabta na cewa jifa ne.

Maman yaro, ba jifa ba ne, gurɓataccen ruwa da abinci ke kawo taifot. Babban haɗarin yaron yanzu shi ne ƙarewar ruwan jiki, musamman a zafin Maris da Afrilu. Kada ruwan gishiri da sukari ya yanke a ɗakinki. Idan fitsarinsa ya ragu ko idanunsa suka faɗa, ki garzaya asibiti. Ya tauna abinci sosai, a ɗan jinkirta gyaɗa, gasasshiyar masara da rake. Ki wanke fatar gefen da ruwan ɗumi, ki busar, kada a shafa magani na gargajiya. Kuma ki riƙe ranar komawa asibiti, a can za a sa lokacin mayar da hanjin.

Masu neman likitan tiyata, akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, kuma akan tura wasu zuwa asibitocin koyarwa na Sakkwato, Zariya ko Kano. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku.