Sauya Kayan Gaban Tsohuwar A-kori-kura

Galibin motocin a-kori-kura an gina su ne bisa shasi, wato ƙarafa biyu dogaye masu ɗauke da inji da kaya. Bonet, fenda, bamba da ragar gaba kuwa da noti aka ɗaure su, shi ya sa ake iya kwance su a sa wasu ba tare da walda ba.

Sai dai kamanni ba ya nufin dacewa. A-kori-kurar Chevrolet ta Amurka, ƙirar 1973 zuwa 1987, misali ce. A 1981 kamfanin ya sake fasalin gabanta, don haka bonet ɗin 1985 ba ya zama kan fendar 1978. Mai son sabon fasalin dole ya ɗauko gaban gaba ɗaya, har da ƙarfen da ke riƙe lagireto, domin a jikinsa fitilu da makullin bonet suke.

Kafin a fara aiki, a cire wayar batir ta nagetif. Kada a ƙarasa ɗaure kowane noti sai tazarar da ke tsakanin ƙofa, fenda da bonet ta daidaita.

Sakaci a nan na iya jawo asarar rai. Ragar da ta tare iska tana sa inji zafi. Makullin da bai kama ba kan saki bonet ya rufe wa direba gani. Fitila kuwa, in ta karkace da digiri 1 kacal, haskenta zai kauce da kusan mita 1.7 a nisan mita 100, ya kashe idon mai tahowa. Saboda haka sai an gwada waɗannan ukun kafin mota ta hau titi.