Gani Ya Kori Ji: Koyon Labarin Ƙasa da Taswira da Hoto



Mu ƴan madarasa mun saba da hadda, kuma hadda tana da amfani. Amma darasin labarin ƙasa, wanda Larabawa ke kira jugrafiya, hadda kaɗai ba ta isar masa. Ɗalibi zai iya jero sunayen ƙasashe 7 da ke iyaka da Nijar, amma in aka shimfiɗa masa taswira ran jarrabawa aka ce ya nuna Cadi, sai ido ya raina fata.

Ga hanyoyi uku da za mu iya bi ba tare da kashe kuɗi ba.

Ta farko, zane a ƙasa. A share rairayi a zana Gulbin Maraɗi da tsinke: ya taso daga wajen Katsina, ya shigo Nijar, ya ratsa ta Maraɗi, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da kogin Rima. Wanda ya ga wannan lanƙwasa zai gane me ya sa in an yi ruwa da yawa a Katsina gulbi ke cika a nan.

Ta biyu, lemo da tocila. Lemo shi ne duniya, tocila ita ce rana. A sa ɗigo biyu a jikin lemon, ɗaya Makka, ɗaya garinmu, a juya shi daga yamma zuwa gabas. Ɗigon Makka zai riga shiga duhu. Shi ya sa da azumi suke shan ruwa wajen awa 2 kafin mu.

Ta uku, taswirar bango da hotuna. A ja zare daga garinmu zuwa Makka, za a ga alƙiblarmu gabas ce da ɗan karkata arewa. Hoton tuddan rairayin Tenere kuma ya fi dogon bayani a kan sahara.

Kada wani ya ce wannan aikin ƴan lakkol ne kawai. Malam Al-Idrisi ya gama taswirar duniya a 1154 a tsibirin Sisili, ya sa kudu a sama, arewa a ƙasa.

Muna roƙon malamanmu a samu taswira ko da guda ce a kowane aji. In babu, mu zana tamu a kan kwali.

Wassalam.