Tsohuwar Land Rover ta gado: kafin ku yi mata kuɗi, ku leƙa ƙarƙashinta

A cikin 'yan watannin nan sau huɗu ana zuwa mini da magana iri ɗaya, har na fara gane masu ita tun daga sallama. Na ƙarshe wani matashi ne da mahaifinsu ya rasu ya bar wata Land Rover a gindin darbejiya, ta fi shekara goma ba ta motsa ba, kaji na ƙwai a kujerar baya. Ya zauna ya ce, “Baba, wani dillali ya ce mana Turawa na neman irinta ruwa a jallo, kuɗinta zai sayi gida biyu. Shi ya sa muka dakatar da rabon gado.” Na tambaye shi ko dillalin ya leƙa ƙarƙashin motar. Ya ce a'a, hoto kawai ya ɗauka da waya. Na ce masa, “To ɗana, wanda bai kwanta a ƙasa ya ɓata rigarsa ba, bai ga motar ba tukuna.”

Wannan jita-jita tana ba ni haushi domin akwai ƙwayar gaskiya a cikinta, kuma ƙwayar ce ke hana mutane jin magana. Gaskiya ne a watan Disamban 2015 an yi gwanjon wata Land Rover samfurin Defender a Landan a kan fam dubu 400. Abin da ba a faɗa wa magada shi ne sabuwa ce fil, ita ce ta cika mota miliyan biyu irinta da aka ƙera a masana'antar Solihull, kuma kuɗin na taimakon ƙungiyoyin agaji ne. Wata ɗaya bayan haka, a Janairun 2016, aka daina ƙera tsohon samfurin baki ɗaya, sai masu sha'awa suka farka, farashi ya ɗaga. A shekarar ce kuma kamfanin da kansa ya shelanta cewa zai nemo guda 25 daga cikin samfurin farko, irin wanda aka fara fitarwa a 1948, ya sabunta su ya sayar tsakanin fam dubu 60 zuwa dubu 80 kowace. Haka ma Land Cruiser mai lamba 40, wadda Toyota ta ƙera daga 1960 zuwa 1984: wadda aka sabunta da kyau tana iya haura dala dubu ɗari a Amurka.

Duk waɗannan kuɗaɗe na motar da aka gama aiki a kanta ne. An kwance ta har ƙusa ta ƙarshe, an wanke, an sake ƙarfen da ya ci, an yi watanni ana biyan ƙwararru da kuɗin can. Wanda zai yi wannan aikin, gawar motar yake saya, kuma kafin ya taya sai ya cire kuɗin kwantena, da na jirgin ruwa, da na kwastan, da ribarsa. Abin da zai rage ya iso hannun magada bai kama ƙafar abin da suka gani a Facebook ba. Kamar mutum ne ya ga farashin takalmin fata a kantin Italiya, ya dawo ya ce da haka zai sayar da ƙirgin sansa.

Akwai masu ƙara wa miya gishiri, su ce wai jikin motar ƙarfen jirgin sama ne, ko akwai wani sinadari a ciki da ake nema a ɓoye. Irin wannan aka taɓa yi a kan tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, mutane suka yi ta farfasa kekunan iyayensu mata a banza. Alminiyam ne kawai da aka gauraya da wani ɗan sinadari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila, gwamnati ce ke rabawa, sai kamfanin Rover ya koma ga abin da ya fi samuwa. A wurin 'yan gwangwan kilo za a auna, ƙarshensa ya zama tukunyar biki.

Alminiyam ɗin nan ma shi ke yaudarar masu saye. Ba ya yin jar tsatsa, don haka mota sai ta yi kyau daga nesa alhali ƙashin bayanta ya mutu. Shasi ƙarfe ne, haka bangon da ya raba inji da direba, haka firam ɗin ƙofofi. A Ingila gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi ne ke cinye su, shi ya sa motar da ta yi rayuwarta a busasshiyar ƙasa kamar Agadas ko Damagaram ko Katsina take da daraja a idonsu. Wannan ita ce fa'idarmu ta gaske. Sai dai mu namu ciwon daban ne: lodi fiye da ƙima, da hanyar da ba hanya ba, da mai walda na bakin titi.

A nan zan tsaya in daɗe, domin nan ne ake asarar da ba ta gyaruwa. Kowace mota tana da lambar da aka buga a jikin shasi. A yawancin tsofaffin Land Rover, lambar tana gaba ta hannun dama, a ƙarfen da ke riƙe da sifirin. A Land Cruiser 40 ma tana kan shasi ta gaba a hannun dama. Akwai kuma ɗan faranti da aka maƙala a jikin mota mai ɗauke da lambar. Dole lambar shasi, da ta faranti, da ta takarda su zama ɗaya, harafi da harafi. Wurin da lambar take kuwa wuri ne da ke shan duka, yana tsagewa. Sai a kai wa mai walda, ya yanko ƙarfe ya lafta a kai, ya ƙona lambar, mai mota ya biya yana godiya. Daga ranar nan motar ta zama marar asali. Na sha ganin haka har na gaji da faɗa. Idan za a yi walda a gaban shasi, ka tsaya a kan mai waldar da kanka, ka nuna masa lambar da yatsa, ka ɗauki hotonta kafin ya kunna wuta. Kada ka aiki yaro.

Dalilin da ya sa nake nanatawa shi ne dokar masu sayen. Amurka, wadda ita ce babbar kasuwar, ba ta barin a shigar da irin waɗannan motoci sai sun cika shekara 25 da ƙerawa, kuma da lambar ake tabbatar da shekarun. Wasu 'yan dabara a Turai suka riƙa cire farantin tsohuwar mota suna maƙala wa sabuwa. Kwastan ɗin Amurka suka gano, a 2013 suka murƙushe wata Defender a Baltimore da injin farfasa ƙarfe, suka saki bidiyon duniya ta gani, daga baya kuma suka bi gidaje suna ƙwace wasu. Tun daga nan babu mai saye na kirki da zai taɓa motar da lambarta ke da alamar tambaya, ko da kyauta ce. Kuma ba sa yin saye da ka. Gidan tarihin motoci da ke Gaydon a Ingila yana riƙe da kundin masana'anta. A ba su lamba, su fitar da takardar da ke nuna lokacin da aka ƙera motar da inda aka aika ta. Duk ƙaryar dillali a nan take ƙarewa.

Mu ma nan gida, mota marar lamba fitina ce. Ka saya, ka kashe kuɗi, ranar da aka tsayar da kai a shinge kusa da iyaka ba ka da bakin magana, musamman idan Land Cruiser ce a-kori-kura, wadda kowa ya san irin idon da jami'an tsaro ke sa mata yanzu.

Abu na biyu da ke karya farashi shi ne inji. Yawancin Land Rover da suka rage a hannunmu ba da injinsu na asali suke ba. Da tsohon injin nan mai lita biyu da kwata ya gaji, sai bakanike ya sa na Peugeot ko na Toyota ko na Nissan, ya yanka nan ya ƙara can. Ban ga laifinsa ba, mai mota abinci yake nema da ita, kuma sau da yawa ta fi gudu bayan haka. Amma mai tara tsofaffin motoci asali yake biya, kuma hukumar muhalli ta Amurka ma tana duba ko injin irin wanda motar ta fito da shi ne. Sai batun sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a Afrilun 1972, don haka motocin da suka shigo kafin nan sitiyarinsu na dama ne, wasu kuma an juya su a gareji juyin ganin dama. Ka kuma karanta farantin da kyau: akwai waɗanda aka harhaɗa a Ibadan, akwai kuma Santana ta Sifen, wadda kamanninta ɗaya da Land Rover amma samfuranta na baya-baya kayan gyaransu sun bambanta.

Ba zan wuce ba sai na taɓa ma'aikatun gwamnati. Motocin aikin gona, da na rigakafi, da na gandun daji, waɗanda su ne suka fi zama da injinsu na asali, ana jibge su a bayan ofis shekara da shekaru, masu gadi da 'yan share-share suna zare musu kaya ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka tuna da su aka yi gwanjo, sai a miƙa wa mai saye rasit guda da aka rubuta “tsohuwar mota” ba lamba ba komai, fayil ɗin kuwa gara ta cinye. Idan za ka saya a gwanjo, kada ka ɗaga motar sai an rubuta lambar shasi a takardar sallama, da hatimi da sa hannu. In sun ce ka dawo gobe, ka dawo goben.

Ga mai son sayarwa, shawarata ta farko ita ce ya bar motar yadda take. Kada ka yi mata fenti. Sabon fenti a kan tsohuwar mota yana sa mai saye zargin an ɓoye wani abu, kuma dusasshen fentin asali ya fi masa daraja. Kada kuma ka kawo batir ka ce sai ta tashi yau. Injin da ya shekara goma a tsaye, a cire fulogi a zuba ɗan mai a ramukan, a bar shi kwanaki, a juya shi da hannu a ji ko yana juyawa, a zubar da tsohon baƙin mai da tsohon fetur, sannan a yi maganar tayarwa. Ka tattara duk takardar da ka samu a akwatin marigayi, har tsohon lasin da rasit ɗin kwastan. Idan motar gado ce, a samu yardar dukkan magada a rubuce kafin a karɓi kafin alƙalami. Wanda kuma ya rubuto daga ƙasar waje ya amince da farashi ba tayi, sannan ya ce ka fara tura wa wakilinsa kuɗin dako, ɗan damfara ne, ka rufe wayarka.

Ga mai saye, ka je da ƙaramar guduma da tocila da tabarma. Ka bi shasin kana ƙwanƙwasawa tun daga gaba har ƙarfen da ya gitta a baya. Lafiyayye yana ƙara, rubabbe yana amsawa kamar kwali. Ka duba wurin da ƙafar direba ke sauka, da ƙasan ƙofofi, inda farin gari ke fitowa idan alminiyam ya daɗe yana gogar ƙarfe. Idan Land Cruiser ce, jikinta ƙarfe ne, sai ka bi shi da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cika da foti. Ka sa giyar taimako ka tabbatar tana shiga tana fita. Sauran abubuwa, birki da waya da lagireto, duk bakanike ya san su, kuma kayansu na samuwa.

Idan lamba ta tafi, shasi ya sha faci, to motar ta kayan gyara ce, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Sau da yawa kuɗin da za a samu a sayar da ita gunduwa-gunduwa ya fi na sayar da ita ɗungurungum. Giyabos da taimako, aksul na gaba da na baya, ƙofofi, gilashin gaba da firam ɗinsa, agogunan gaban direba, ragar gaba, duk suna da masu nema a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, domin har yanzu akwai masu aiki da irinta a ƙauyuka. Sai an cire waɗannan sannan a kira 'yan gwangwan su auna saura. Abu ɗaya ne ba a sayarwa: farantin lamba da takardun mota. Duk wanda ya zo ya ce su kaɗai yake so, wata motar zai maƙala wa, kuma ranar da aka kama ta sunan mahaifinku ne a takardar.

Matashin nan na bi shi gida ranar wata Asabar. Na shimfiɗa tabarma na shiga ƙarƙashi. Lambar tana nan, mai walda ya kuskure ta da faɗin yatsa biyu, amma injin na Nissan ne, kuma bayan shasin ya sha faci a wuri uku. Na ce ya kira yayyensa su ji da kunnensu, kada a ce shi ya karya farashi. Wani manomi daga ƙauyensu ya taya, zai riƙa kwasar taki da ita, suna kan ciniki. Dillalin kuwa tun ranar da aka ce ya zo da mai sayen nasa a gani, wayarsa ba ta shiga.