Mai Gyara Sai Ƙara Gas Yake Yi, Ɗakin Hajiya Kuma Sai Zafi

 

Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, gidana kuma yana Fagge. Mahaifiyata tana tare da ni. Ta manyanta, ga hawan jini, zafin bazara kuwa yana hana ta barci. Shi ya sa bara na saya mata iyakwandishan ta hannu, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, aka kafa mata a ɗaki.

Wanda ya kafa ta ƙanin maƙwabcina ne na shago, mutumin da muka daɗe muna zaman mutunci, har auratayya ta shiga tsakaninmu. Da farko ta yi sanyi sosai, Hajiya ta yi ta sa mini albarka. Bayan 'yan makonni sai ta koma hura iska kawai. Ya zo ya ce gas ne ya ƙare, ya ƙara, na biya. Ba a jima ba ta sake, ya sake ƙarawa, na sake biya. Haka muka yi ta yi har damina ta sauka. Bana da zafi ya kawo kai muka kunna ta, ko tashi ba ta yi, sai ta yi gurnani ta yi shiru. Yanzu ya ce kwamfuresa ce ta ƙone, kuɗin da ya yanka mini kuwa ya kusa isa sayen wata.

Malam, cutata yake yi, ko kuwa haka na'urar take? Idan zan sauya mai gyara, ina zan sami na ƙwarai, kuma yaya zan yi ban ɓata da maƙwabcina ba? Sannan ina da niyyar sa wata a shago, wasu na cewa in sayi mai inbata saboda sola. Ka ba ni shawara.

Naka, wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano.

AMSA

 Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri bisa wannan kulawa.

Bari in fara da abin da ya fi cin kuɗinka. Gas ɗin iyakwandishan ba ya ƙarewa. Ba ƙona shi na'urar take yi ba, zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu tsakanin akwatin cikin ɗaki da na waje, ya kwashi zafin ɗakin ya kai waje, ya dawo ya sake kwasa. Na'urar da aka kafa daidai tana iya shekaru ba a ƙara mata ko kaɗan ba. Duk ranar da ya ragu, to akwai inda yake zurara. Yawanci a bakin mahaɗar bututun jan ƙarfe ne, inda ake buɗa bakinsa a ɗaure da noti, ko inda aka lanƙwasa shi da ƙarfi ya tsage, ko kuma a jikin tsohuwar na'ura inda ya ci ya huje. Mai gyaran da ya ƙara gas bai nemo hujin ba, ya san zai dawo.

Shin cuta ce? Ban ga zuciyarsa ba, kuma na fi zaton ƙarancin sani ne, irin na yaron da ya bar gaban maigidansa bai gama koyo ba. Amma ko wanne ne, aljihunka ne ya ji a jikinsa, kuma aikin nan ya fi ƙarfinsa. Ka sani kuma, kwamfuresar da take aiki da ragaggen gas tana ɗaukar zafi fiye da ƙima, don gas ɗin da yake dawo mata shi yake sanyaya ta. Idan da gaske ta ƙone, wannan ƙare-ƙaren na bara yana da hannu a ciki.

Sai dai kada ka yarda ta ƙone tukuna. Gurnanin nan da ka ce tana yi ta yi shiru, sau da yawa ba daga kwamfuresa yake ba. Akwai wani ɗan gwangwani a cikin akwatin waje da ake kira kafasta, shi yake taimaka mata ta tashi ta ci gaba da juyawa. Zafi da wuta marar kyau suna kashe shi, wani lokaci za ka gan shi ya kumbura daga sama, kuɗinsa kuma bai kai ko kusa da na kwamfuresa ba. Akwai kuma raunin wuta. An ƙera na'urorin nan ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, alhali kai ma ka san yadda wutar unguwa take zuwa da daddare a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40 kowa ya kunna abin da yake da shi, fanka ma da ƙyar take juyawa. A irin wannan wutar lafiyayyiyar kwamfuresa ma gurnani za ta yi ta kasa tashi. Mita kaɗai ke raba waɗannan abubuwa uku, aikin 'yan mintuna ne.

Da wannan za ka gane mai gyara na ƙwarai: yana aunawa kafin ya yi magana. Yadda kai ba ka yanke wa shadda farashi sai ka murza ta a hannu ka ɗaga ta a haske, haka shi ma bai kamata ya faɗi cutar na'ura daga bakin ƙofa ba. Ka dubi jakarsa. Ya zo da agogon auna gas mai tiyo ja da shuɗi? Ya zo da mitar auna wuta? Yana da injin zuƙe iska daga bututu? Wannan na ƙarshen shi ne da yawa ba su da shi, kuma shi ne ya fi muhimmanci bayan an toshe huji, domin iska da danshin da suka shiga bututu idan ba a zuƙe su ba, su ne suke lalata man kwamfuresa a hankali. Ka tsaya ka kalli yadda yake neman hujin. Na ƙwarai zai shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa ya tsuguna yana jira, inda kumfar ta fara hura ƙwai nan ne. Ka ce ya nuna maka da idonka.

Ka kuma sa ya karanta maka takardar da ke manne a gefen akwatin waje. An rubuta irin gas ɗin da na'urar take sha da nauyinsa. Tsofaffi R22 suke amfani da shi, na baya-bayan nan R410A ko R32. Ba a gauraya su, don ƙarfin matsinsu da irin man da suke tafiya da shi sun bambanta. R32 yana iya kama wuta, haka R600a da ke cikin firji na zamani, saboda haka wanda zai kunna wutar walda a kansu ba tare da ya kwashe gas ɗin ba, ka sallame shi tun bai fara ba. Ita R22 kuwa kwananta ya kusa ƙarewa. Ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Najeriya take ciki, ana janye ta ne a hankali, kuma wa'adin ƙasashe masu tasowa 2030 ne. Idan ta Hajiya mai R22 ce, kuma aka tabbatar kwamfuresar ta mutu, kada ka zuba mata kuɗi. Araha ba ta ado, kai ka fi ni sanin wannan.

To ina ake samun mai gyara na ƙwarai? Kada ka tambayi wanda yake da na'ura ɗaya a gida irinka. Ka tambayi waɗanda abincinsu ya rataya a kan sanyi: masu ƙanƙara, masu sayar da daskararren kifi da kaji, manyan shagunan magani, masu otal a Sabon Gari, ko kwamitin masallacin Juma'a mai na'urori da yawa. Waɗannan ba sa riƙe mai gyaran da zai kwana uku bai ɗaga waya ba. Tambayar da za ka yi ita ce shekara nawa yake yi musu aiki, kuma idan gyara ya dawo, yana zuwa ya sake ba tare da sabon ciniki ba? Masu sayar da kayan gyara a Sabon Gari, musamman wajen France Road, su ma sun san wanda yake sayen bututu mai kauri da wanda kullum mafi araha yake nema. Ka zaɓi mai shago tsayayye wanda za ka iya zuwa ka same shi, ba mai lambar waya da babur kawai ba. Akwai ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa, NARAP, akwai kuma takardar gwajin sana'a da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya take bayarwa. Ba laifi ka tambaya, ko da yake takarda ba ta toshe huji, kuma akwai gwanaye da dama da a gaban maigida kawai suka koya.

In kun daidaita, ku raba kuɗin aiki da kuɗin kaya, ku rubuta ko da a bayan rasit ne. Ka tura yaronka su je sayen kayan tare, duk abin da aka cire kuma a bar maka shi. Ka ba da wani abu a fara, cikon sai na'ura ta kwana tana sanyi, kuma ku yi magana a kan wa'adin da zai dawo kyauta idan matsalar ta sake. Tunda ɗakin Hajiya ne, cikin gida, ka kasance a wurin ko ka bar ƙaninka.

Batun maƙwabci bai kai yadda kake jin nauyinsa ba. Ba sai ka ce ƙaninsa ya cuce ka ba. Ka ce masa kuɗin kwamfuresa da yawa, za ka sa wani ya sake dubawa kafin ka kashe. Ɗan kasuwa ne, ya san ba a sayen dila a kan bakin mutum ɗaya. In yaron mai son koyo ne, ka gayyace shi ya tsaya ya ga aikin.

Ta shago kuma, mai inbata ta fi dacewa da kai in har sola ko ƙaramin janareta za ka dogara da su, saboda a hankali take tashi, ba ta fizgar wuta lokaci guda, kuma idan wuri ya yi sanyi tana rage gudu maimakon ta mutu ta sake tashi. Lissafin ma a fili yake. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta. Mai doki ɗaya da rabi marar inbata tana shan fiye da yunit ɗaya a awa idan tana aiki ba tsayawa, ka ga awa takwas a wannan farashin ya doshi naira 2,000. Aibin mai inbata shi ne allon lantarkin da ke cikinta, wanda hawa da saukar wuta suke ƙonawa, kuma ba kowane mai gyara yake iya taɓa shi ba. Ka saya sabuwa a wurin dila mai ba da garanti, ka bar masu kafawarsu su kafa, ka ajiye rasit, ka haɗa mata sitabilaiza. Ta Hajiya ma tana bukatarsa, kuma a riƙa jira minti uku bayan an kawo wuta kafin a kunna.

Abin da ba zan yi maka sassauci a kansa ba shi ne waya. A ja mata layinta daban tun daga akwatin wuta, da wayar jan ƙarfe ta gaske wadda kaurinta bai gaza milimita 2.5 ba, da nata abin katse wuta. Kada a soka ta a soket ɗin da ake cajin waya da kunna fanka. Shagonka cike yake da yadi har rufi, na maƙwabta ma haka, wanda kuwa ya ga abin da gobarar Maris ɗin 2016 ta yi wa kasuwar Sabon Gari ba ya bukatar dogon bayani. A kashe ta daga makunni duk yamma kafin a ja ƙofa.

Sauran aikin naka ne. Ƙurar hunturu tana toshe ragar akwatin ciki da haƙarƙarin na waje, na'ura ta yi ta wahala ɗaki bai yi sanyi ba, a ce gas ne. Ragar ciki yaro ma zai iya zare ta ya wanke da ruwa duk mako biyu. Wankin gaba ɗaya kuwa a kira mai gyara a watan Fabrairu, lokacin da ba a rububinsa.

A makon nan ka sami wanda zai zo da mita ya duba kafasta da ƙarfin wutar gidan kafin a sake ambaton kwamfuresa. Kafin nan a mayar da Hajiya ɗakin da rana ba ta dukan bangonsa da yamma, ta riƙa shan ruwa akai-akai, kuma kada ta bar maganinta na hawan jini. Ka gaishe mini da ita.