Yoga da Ibadun Indiya: Yadda Mai Bi Zai Gwada Su

Ya kai mai karatu, ko a Ruwan Bago ka ke, ko Rogo, ko Karaye, ba ka rasa ganin fim ɗin Indiya ba. Tun zamanin Mother India, wanda aka yi a 1957, mutanen ƙasar Kano su ke kallon Indiyawa suna haɗa tafin hannu, suna kunna fitila gaban allolinsu. Yanzu kuwa abin ya iso cikin wayarka: ana nuna maka yoga, ana cewa tana maganin ciwon baya da damuwar zuciya. Ya kamata ka san asalinta tun ba ka taɓa ta ba.

A 1893 wani malamin addinin Hindu, Vivekananda, ya yi jawabi a taron addinai na birnin Shikago, Turawa da yawa suka karkata ga koyarwarsa. A 1966 wani dattijo, Prabhupada, ya kafa ƙungiyar Hare Krishna a Niyok, ta yaɗu har Legas. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 21 ga Yuni ta zama ranar yoga kowace shekara.

Kada ka ƙi abu don baƙo ne kaɗai. Baitalami da Urushalima a Asiya su ke, Bishara ma daga can ta iso mana. Abin tambaya shi ne, ga wa a ke rusunawa?

Kai da ka tashi cikin Maguzawa, ka san bambancin gangar gayya da garayar bori. Dukansu kiɗa ne, amma ɗaya tana ƙarfafa manomi a kan kunya, ɗaya tana kiran iskoki su hau. Haka yoga ta ke. Miƙe gaɓoɓi da jan numfashi a hankali motsa jiki ne, ba laifi a ciki, gama jikinka amana ce. Amma akwai jerin rusunawa da a ke kira surya namaskar, watau gaisuwa ga rana. Akwai kalmar Om, wadda ta ke da tsarki ga mabiya Hindu. Zikirin Hare Krishna kuwa kiran sunayen Krishna da Rama ne. Waɗannan ibada ne, masu su ma ba su ɓoye ba. In an ce ka maimaita kalmar da ba ka san ma'anarta ba, sai ka tambaya tukuna.

Manzo Bulus ya tarar da irin wannan magana a Koranti, a kan naman da aka yanka wa gumaka. Ya koya musu gunki ba kome ba ne, duk da haka mai bi ya bar naman in cinsa zai sa ɗan'uwa rarrauna ya yi tuntuɓe. To, duba gidanku. Wataƙila ƙanenka bai daɗe da rabuwa da tsafi ba. In ya gan ka kana rusuna wa rana da sassafe, me zai ce a ransa?

Kada kuma ka raina mai yin ibadar nan ko ka zage shi. Ba'indiye maƙwabcinka ne, kwanciyar zuciya ya ke nema kamar kai. Ka girmama shi, ka gaya masa a hankali inda ka sami taka. In kana marmarin zaman shiru, abu mai kyau ka ke so: Ubangiji Yesu da kansa ya kan tashi da asuba ya tafi wurin da ba kowa, ya yi addu'a. Kai ma ka yi haka kafin ka fita gona.

Kalmar yoga da kalmar karkiya tushensu ɗaya ne a harshen Sanskirit. Manomi ya sani, sa ba ya ɗaukar karkiya biyu. Almasihu ya kira masu gajiya su ɗauki tasa su huta. Ranar da ka ba da gaskiya, ita ka ɗauka. Ka riƙe ta.